Noman Hatsi a Adar da Daɗaɗɗen Yaƙinsa da Fari

Mu da muka tashi a ƙasar Barmu, arewa da Tawa, dab da iyakar da hukuma ta shata a 1961 tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo, ba mu taɓa ɗaukar damina tamkar alkawarin da ba ya tashi ba, domin galibi watanninta uku ne, kuma ko a cikinsu ruwa yakan ɗauke mako biyu ko uku daidai lokacin da hatsi ya ɗauki ciki. Saboda haka ilmin noma da muka gada, in aka tace shi, ilmi ne na rarraba hasara: mutum ya yi gona a jigawa, ya yi wata a fadama, ya haɗa gero da wake, ya kuma bar tsohon hatsi a rumbu, ba ya taɓa shi sai da larura.

Mafi wuyar hukunci a wannan sana'a shi ne na binne, wato zuba iri a busasshen rairayi kafin ruwan fari ya sauka. In Allah ya kawo ruwa mai nauyi, mai binne ya riga kowa. In kuwa yayyafi aka yi, sai irin ya tsiro ya ƙone, ko iskar da ke gaban hadari ta kwaso yashi ta turbuɗe shi, a sake shuka har sau uku, alhali iri yana ƙarewa kuma kwanakin damina suna tafiya. Wanda ya tsallake wannan, tsutsar murzuna tana jiransa a zangarniya, tana sassaƙa ta a karkace, tsuntsun jan baki kuma yana jiran kaka. In abin ya ta'azzara, liman ya fita da jama'a bayan gari a yi sallar roƙon ruwa.

Wannan tsari ya ɗauki kakanninmu zamani mai tsawo, duk da Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 wadda tsofaffi ba sa ambatonta sai da isti'aza. Amma farin 1973, sa'an nan na 1984 da aka yi wa laƙabi da El Buhari, sun bayyana wani al'amari dabam: itatuwa sun mutu, iska ta kwashe ƙasar sama, tuddai suka zama fako, ta yadda ko ruwan ya zo ba ya shiga, sai ya gangara koramu ya yaga fadama. Daga nan ne hankalin manoma ya koma ga yadda za a tsare ɗan ruwan da ya sauka. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don karya iska, a 1984 kuma aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya, inda mata, saboda mazansu suna ci-rani, suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka jera a kan gangare, ana biyansu da abinci.

A ganina, abin da ya fi waɗannan duka tasiri shi ne mafi ƙanƙantarsu. A 1989 aka kai wasu manoman Illela ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda Mosawa ke rayar da mataccen wuri, suka dawo suka gyara tsohuwar dabarar nan da muke kira tassa. Rami ne mai faɗin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, ana haƙa shi da rani, a tara ƙasarsa ta gefen gangare, a zuba masa taki cikin tafin hannu. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwa ya taru ya nutse, kuma gindin hatsin da ke ciki yana iya jure ɗaukewar ruwan da za ta kashe na gonar maƙwabci. Dabarar ta yaɗu daga manomi zuwa manomi, a kasuwanni irin ta Badagishiri, har fakon da a da ko kyauta ba a karɓa ya shiga ciniki.

Sai dai haƙar tassa aiki ne na bazara, lokacin da zafi ya kai matuƙa kuma majiya ƙarfin Adarawa suna Abijan ko Najeriya neman kuɗi. Wanda ɗansa ya aiko da kuɗi yakan ɗauki 'yan ƙodago, ya sayi taki, ya ƙara sayen fako. Wanda ba shi da mai aike kuwa, sau da yawa shi ne ya sayar da nasa fakon a shekarar yunwa, yanzu kuma yana haƙa ramuka a cikinsa da lada.