3.2 Sauyin Hanyoyin Fataucin Amfanin Gona a Sakkwato

Kafin zuwan Turawa a 1903, fatake na kai jar fatar Sakkwato Kano, daga can ayarin raƙuma ya ƙetara Sahara da ita zuwa Tarabulus. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan Ƙauran Namoda a 1929, sai ciniki ya juya kudu, aka riƙa kwasar gyaɗa da auduga zuwa Ikko domin masana'antun Ingila. Wannan dogaro da kasuwa guda ya nuna illarsa sa'ad da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da noman gyaɗa. Bayan rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, manoman fadama sun ƙara ba albasa ƙarfi, ana fitar da ita ta Illela har Ghana. Amma rufe iyakoki a 2019 da kuma 2023 ya tsayar da wannan fatauci, tsadar shinkafa kuwa ta kai ga magidanta a unguwanni irin su Tudun Wada. Bisa ga wannan, ana iya cewa sauya amfanin gona kaɗai bai wadatar ba muddin hanyar fitar da shi guda ce.