Shari'ar Kunun Kanwa: Daga Zariya Zuwa Zongon Kwatano

Wata dattijuwa ta bugo waya a shirin lafiya da nake gabatarwa, muryarta na rawa saboda ɓacin rai. Jikarta ta haihu, ma'aikaciyar jinya ta hana a dama mata kunun kanwa, ta kuma ce a rage zafin ruwan wanka. Ta ce, "Malam, ni da kanwa na yi jego tara, ga ni da raina. Yaushe kanwa ta zama guba?" Na ce, "Hajiya, ki ba ni mako guda." Makon nan ya zama wata uku, domin na tarar tambayarta tana da tarihin da ya haura shekara hamsin, kuma likitocin kansu sun sauya magana a tsakani.

Kafin a zo ga likitoci, sai a fara da kanwar, don ita da Zongonmu hanya ɗaya ta kawo su. Fataken da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro ba hannu biyu suke tafiya ba. Cikin kayan da jakunansu ke ɗauka har da kanwa, wadda ake haƙowa a Manga da gaɓar Tafkin Chadi, irin su ungurnu da jar kanwa. Sukan ratsa ƙasar Bargu, su ya da zango a Nikki da Djougou, waɗanda yau suke arewacin Benin, su wuce Salaga. Inda ayari ya saba sauka, nan ake samun zango, nan wasu ke zama su yi aure. Da ciniki ya juya bakin teku a zamanin Faransawa, jikokin waɗannan fatake da waɗanda suka biyo bayansu suka gangaro kudu. Ga mu yau a Kwatano, kusa da kasuwar Dantokpa. Mun zo da harshe da addini, mata kuma sun zo da tsarin jego cif: wanka da ruwa mai zafi safe da yamma har kwana arba'in, kunun gero mai kanwa, ƙauri da yaji, da tsoron sanyi wanda ake ganin in ya shiga jikin mai jego ba ya fita.

A shekarar 1969 wani likita ɗan yankin Wales na Birtaniya, Eldryd Parry, ya kama aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Abin da ya riƙa gani a ɗakin mata ya ɗaure masa kai. Mace matashiya, ta haihu lafiya, an yi suna, sai bayan 'yan makonni a kawo ta ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tari ya hana ta barci. Zuciyarta ta gaza tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ciki. Ciwon ba baƙo ba ne a littattafan likitanci, an san shi a Turai da Amurka, amma a can jefi-jefi ake ganinsa, mace ɗaya cikin dubbai. A Zariya lissafin ya kai kusan ɗaya cikin ɗari na matan Hausawa da suka haihu. Parry da abokin aikinsa N. M. Davidson suka bi mata 224 masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 1978.

Sun lura da abubuwa da dama. Ciwon ya fi yawa a watannin zafi da danshi. Ya fi kama matan Hausawa a kan matan wasu ƙabilu da ke zaune a gari ɗaya. Da suka shiga gidaje suka ga yadda ake jego, sai suka ce sun gano bakin zaren. Kanwa tana ɗauke da sinadarin sodiyom, wanda shi ne ƙashin bayan gishiri, kuma yana sa jiki ya riƙe ruwa. Mai jego tana shan kunun nan kullum. Sannan ga ruwan zafi, ga gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa ta kwanta a kai. Zafi yana buɗe hanyoyin jini na fata, zuciya ta ƙara gudu don ta cika su. Ga ruwa ya yi yawa a jiki, ga aiki ya ƙaru, ga shi da yawansu jininsu ya hau bayan haihuwa. Jakin da aka labta wa kaya fiye da ƙima, aka kuma kora shi da rana tsaka, ai dole ya durƙushe. A 1979 wani likita a cikinsu, John Sanderson, ya duba zukatan matan da na'urar ɗaukar hoton zuciya, wadda sabuwa ce a lokacin, ya ga a wasunsu tsokar zuciyar ba ta lalace sosai ba, nauyin ruwa ne ya rinjaye ta. Wannan ya ƙara wa zargin ƙarfi.

Daga nan magana ta bazu. Littattafan koyar da likitoci a duniya suka ɗauka, duk inda aka zo babin ciwon zuciyar masu jego sai an ambaci Hausawa da kanwarsu da ruwan zafinsu. Ma'aikaciyar jinyar da ta hana jikar Hajiya kunu, ko ta sani ko ba ta sani ba, karatun Zariya na 1978 take maimaitawa. Ni ban ga laifin Parry da mutanensa ba. Sun ga mata na mutuwa, sun tashi daga ofis sun shiga gidajen mutane, sun rubuta abin da idonsu ya nuna musu, kuma bayaninsu ya hau hankali. Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da kusan kowace mai jego take yi, da wuya a tabbatar shi ne ya kwantar da ɗaya ya bar casa'in da tara.

Shakka ta farko mai ƙarfi daga Yamai ta fito. Wani likita Bafaranshe, Arnaud Cénac, da abokan aikinsa sun daɗe suna ganin wannan ciwo a matan Nijar. A 1992 suka buga cewa jinin masu ciwon yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyom idan aka kwatanta da na masu jego lafiyayyu. Jiki kaɗan yake bukata daga wannan sinadari, daga abinci yake samunsa, abincin kuma daga ƙasar da aka noma shi. Likitoci sun riga sun san labarinsa daga ƙasar Sin, inda a yankin Keshan wani ciwon zuciya ya riƙa kashe yara da mata masu haihuwa, har aka gano ƙasar yankin ba ta da seleniyom, aka fara raba shi, ciwon ya ja baya. Ke nan akwai yiwuwar matsalar tana cikin abin da mai jego ta rasa a tukunyarta tun kafin ta ɗauki ciki.

Shekaru suka shuɗe. Gadon wuta ya yi ƙaranci, birane suka cika da katifa, amma ciwon bai tafi ba. A 2007 Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka ba da rahoto daga asibitin koyarwa na Sakkwato: mace ɗaya cikin haihuwa 102. Kusan lissafin Zariya ne na shekara talatin baya.

Wanda ya sake buɗe shari'ar gadan-gadan ɗan gida ne, Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A 2015 shi da abokan aikinsa suka sake samun ƙarancin seleniyom a jinin masu ciwon a Kano. Sannan ya jagoranci wani babban bincike mai suna PEACE, wanda ya haɗa asibitoci daga sassan Najeriya, aka tattara mata 406 masu ciwon, aka kwatanta su da masu jego lafiyayyu, aka buga a 2020. Arewa maso yamma ce ta fi kowane yanki, inda lissafin ya kai ɗaya cikin haihuwa 96, adadin da ba a san wanda ya fi shi ba a duniya. Da aka tace, abubuwan da suka fito a matsayin masu ƙara haɗari su ne rama, rashin karatun boko, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki, wanda in ya yi tsanani yake kai wa ga jijjiga. Wankan jego da kunun kanwa ba su raba masu ciwon da lafiyayyu ba. Waɗannan suna yi, waɗancan ma suna yi.

Na daɗe ina juya wannan sakamako a raina. Shekara arba'in ana nuna wa kakanninmu mata yatsa, ana cewa al'adarsu ce ke kashe 'ya'yansu, sai ga shi da aka auna da kyau, yunwa da talauci da rashin awon ciki sun fi fitowa fili. Zargin al'ada yana da daɗin faɗi ga mai mulki, domin ba ya cin kasafin kuɗi. A ce wa tsohuwa ta bar kanwa, magana ta ƙare. Amma a ce yarinya ta ci ta ƙoshi tun tana budurwa, ta yi karatu, a auna jininta duk wata in ta samu ciki, wannan aiki ne na shekaru da kuɗi.

Sai dai kada a ji wannan a ce an wanke kanwa tas. Sodiyom ɗin da Parry ya yi magana a kai yana nan cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, mu kuwa ga gishirin miya, ga dunƙulen ɗanɗano biyu ko uku a tukunya, ga busasshen kifi, kafin a zo ga kanwa. Mace mai lafiyar zuciya jikinta zai iya fitar da rarar. Wadda jininta ya hau tun tana da ciki, ko ƙafarta ta fara kumbura, ko zuciyarta ta fara rauni ba a sani ba, kunun nan ƙarin kaya ne a kan wanda ya riga ya gaji. A Benin wannan ba ƙaramin kaso ba ne: binciken ƙasa da aka yi a 2015 bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kusan babba ɗaya cikin huɗu yana da hawan jini. A shekarar ce kuma aka fara bin lafiyar zuciyar mutanen ƙauyen Tanvè da ke yankin Agbangnizoun shekara bayan shekara, don a san abin da ke kwantar da mutanen ƙasar nan da lissafinsu na kansu.

A waje ma ba a zauna ba. A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner da abokan aikinta a Jamus suka nuna cewa furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, yana iya tsagewa ya fitar da wani guntu mai lahani ga ƙananan hanyoyin jinin zuciya. A 2010 Karen Sliwa ta gwada maganin bromocriptine, mai dakatar da wannan sinadari, a kan mata kaɗan a Afirka ta Kudu, aka ga alamar sauƙi. Matsalarsa a wurinmu a bayyane take: yana ƙafar da nono, kuma gidan da ba a iya sayen madarar gwangwani, ceton uwa ta wannan hanya na iya jefa jariri cikin haɗari. A 2016 kuma aka gano kusan 15 cikin ɗari na masu ciwon suna ɗauke da wani rauni na gado a tsokar zuciya, wanda ciki da haihuwa ke tonawa. A Najeriya Karaye ya gwada ba wa masu ciwon seleniyom, aka ga alamomin ciwon sun ragu, amma gwajin ƙarami ne, ba a kai ga cewa kowace mai jego ta je ta saya ba.

Akwai wani ɓangare na tarihin da ya shafe mu kai tsaye a Kwatano, wato maganin kansa. Mai wannan ciwo tana bukatar ƙwayar da ke fitar da ruwa ta fitsari, irin su furosemide, da masu sauƙaƙa wa zuciya aiki, kuma wata da watanni za ta yi tana sha. Wani bincike da aka buga a 2017 ya auna magungunan zuciya iri bakwai da aka saya a ƙasashen Afirka goma, har da Benin da Nijar, ya samu kusan 16 cikin ɗari ba su cika inganci ba. A watan Fabrairun shekarar ne hukuma ta rushe Adjégounlè, sashen masu sayar da magani na Dantokpa, inda da yawa daga cikinmu muka saba zuwa don ya fi kantin magani araha. Babban asibitin koyarwa na Hubert Maga yana da sashen zuciya da na'urar ɗaukar hotonta, tafiyar 'yan mintoci ce a kan zemijan daga Zongo. Abin da ya fi tsayar da mata shi ne a gida ana fassara kumburi da haki a matsayin sanyi ya shiga, maganin sanyi kuwa a ƙara zafin ruwa a ƙara kanwa. Nan ne al'adar take cutarwa ƙwarai, domin tana ba ciwon wani suna har lokaci ya ƙure.

Da na koma kan tambayar Hajiya a shirin, na faɗa mata cewa jegonta tara shaida ce ta gaskiya, likitocin Kano ma sun zo kusa da maganarta. Na kuma roƙe ta ta tambayi ma'aikaciyar jinyar nawa jinin jikarta ya kai a awon ƙarshe, ta duba ko zoben yarinyar ya matse yatsa, ko tana tashi tsakar dare tana neman iska. Bayan kwana biyu ta sake bugowa. Ashe tun wata na bakwai aka ce jinin yarinyar ya hau, an rubuta a katin awo da Faransanci, katin yana cikin jaka ba wanda ya karanta mata. Ta ce ta sa an dama kunun da tsamiya, ranar Litinin kuma ita da kanta za ta raka ta awo.