Taurari da duba a ƙasar Gwandu: ina iyakar halas da haram?

A duk shekara idan bazara ta yi nisa, zafi ya tsananta, tambaya guda ce ke bakin manoma a Gwandu da Kalgo da sauran garuruwan jihar Kebbi: yaushe ruwan shuka zai sauka?

Tambayar dai ba ta wasa ba ce. Wanda ya yi gaggawar shuka da ruwan farko, sannan aka ɗauke ruwa na mako biyu ko uku, ya yi asarar iri. Wanda kuma ya yi jinkiri, damina na iya ƙarewa gero bai nuna ba. A fadamun Kalgo, inda ake noman shinkafa, fargabar ambaliya ce kan gaba, kamar yadda aka gani a 2020 lokacin da ruwa ya cinye gonaki masu ɗimbin yawa a jihar.

Tun zamanin da, mutane kan nemi amsa ta hanyoyi biyu waɗanda sau da yawa akan rikita su: lissafin taurari da kuma duba.

Lissafin taurari

Malaman hisabi sun kasa shekara bisa masaukan wata guda 28, waɗanda Larabawa ke kira manazil, Hausawa kuma suke cewa taurari. Kowane tauraro na da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14. Idan aka haɗa, sai a sami kwana 365, wato shekarar rana cif.

Wannan ne ya sa lissafin ya dace da noma. Shekarar Hijira kan gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka watan Ramadan kan zagaya daga damina zuwa ɗari, amma taurari ba sa barin lokacinsu.

Kowane yanayi na da taurari 7. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Kaka kan fara da Sarfa, ɗari da Shaula, yayin da bazara ke ƙarewa da Surayya da Dabaran. Surayya ce Hausawa ke kira kaza da 'ya'yanta.

Manomin da ya san wannan lissafi yakan auna aikinsa da shi: lokacin sharar gona da kai taki, lokacin binne ga masu shuka kafin ruwa, lokacin noman farko da maimai, da lokacin da marka za ta kankama. Domin sauƙin hadda, malamai sun tsara sunayen taurarin cikin waƙoƙin ajami, waɗanda almajirai suka riƙa karantawa a makarantun zaure.

Bugun ƙasa

Duba kuwa wani abu ne daban. Mai duba yana iƙirarin sanin abin da ke ɓoye game da mutum guda: ko gonarsa za ta yi albarka, ko auren da yake nema na alheri ne, ko tafiyar da zai yi za ta yi riba.

Hanyar da ta fi shahara ita ce bugun ƙasa. Mai duba kan baza rairayi, ya ɗiga layuka 16 da yatsa ba tare da ƙirgawa ba. Daga nan sai ya soke ɗigon kowane layi bibbiyu, har ya rage ɗaya ko biyu. Layuka huɗu ke ba da siffa guda, saboda haka akan fara da siffofi huɗu da ake kira iyaye, kuma daga cikinsu ake fitar da sauran, har a kai ga shaidu biyu da alƙali.

Siffofin da za su iya fitowa 16 ne kacal, kuma a Afirka ta Yamma an laƙaba musu sunaye irin su Yusufa, Adamu, Idrisa, Ayuba, Nuhu da Yunusa. Masu sana'ar kan danganta asalinta ga Annabi Idrisa, suna kuma dogaro da littafin wani malamin Magrib mai suna Zanati. Sai dai tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya yi bayanin yadda ake yin ta, ya kuma ce ba ta da tushe.

Akwai kuma masu duba da wuri, da masu duba da carbi, da 'yan bori. A Massalata, kusa da Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar, masu addinin gargajiya kan yi arwa sau ɗaya a shekara domin hasashen yadda damina za ta kasance.

Kasuwar masu duba ma tana bin yanayi. Gab da damina batun gona ake kawo musu, da kaka batun aure da jari, da rani kuma batun tafiya ci-rani.

Matsayin malaman jihadi

Ƙasar Hausa ta daɗe da masana wannan fanni. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a birnin Alƙahira a 1741, ya yi rubuce-rubuce kan hatimai da taurari da suka shahara har a ƙasashen Larabawa.

Amma shugabannin jihadin 1804 sun ɗauki matsayi mai tsauri. A cikin Nurul Albab, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki masu iƙirarin sanin gaibu ta hanyar zane a ƙasa, ko taurari, ko labarin aljanu. Ɗansa Muhammadu Bello shi ma ya yi littafi sukutum yana gargaɗin a nisanci masu rufa-ido da masu duba da taurari.

Gwandu na tsakiyar wannan tarihi. Shehu ya zauna a garin kafin ya koma Sifawa, kuma nan ne cibiyar ƙaninsa Abdullahi, wanda ya riƙe yammacin daula har rasuwarsa a 1829. Hubbarensa na nan a garin.

Hujjar malamai ta ginu ne kan rarrabewa tsakanin abu biyu. Na farko shi ne amfani da taurari wajen sanin lokaci da alƙibla da hanya, wanda akasarin malamai suka halatta, ganin cewa Alƙur'ani ya ambaci masaukan wata a Suratu Yunus da Suratu Yasin. Na biyu shi ne ƙudurta cewa tauraro na da tasiri a kan ruwa ko arziki ko ajali, wanda suka haramta.

Sukan kafa hujja da hadisin Hudaibiyya da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka yi hani ga jingina saukar ruwa ga tauraro, da kuma hadisin Muslim da ke nuna cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. A maimakon duba, sun yi nuni ga sallar istihara da shawara, da kuma sallar roƙon ruwa idan fari ya yi tsanani.

Duba da kati

A ƙasashen Turai da Amurka ma akwai masu haɗa duba da yanayi, ta hanyar katin da ake kira tarot. An fara yin katin ne a arewacin Italiya wajen 1440 domin wasa kawai, bayan da karta ta shiga Turai daga Masar. Sai a shekarun 1780 ne wasu Faransawa suka mai da shi abin duba.

Katin guda 78 ne: manya 22, da ƙanana 56 da aka kasa gida huɗu. Masu amfani da shi a yau kan ba kowane gida yanayi guda daga cikin huɗun shekara. Ta intanet da wayar salula ne irin wannan duba ke isa ga matasa a Najeriya, kuma malamai na sanya shi a sahu guda da bugun ƙasa.

Hasashen zamani

Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, inda take bayyana lokacin da ake sa ran ruwa zai fara da lokacin da zai ɗauke a kowace jiha. Hasashen ya dogara ne kan awon zafin teku da iska da bayanan shekarun baya, kuma hukumar kan gabatar da shi a matsayin kirdado, wanda ka iya sauyawa.

Lissafin taurari dai kalanda ce: yana faɗin lokacin da aka saba samun ruwa, amma bai hango farin 1973 ko na 1984 ba. Shi ya sa manoma da dama a Gwandu da Kalgo ke haɗa ƙirgen da suka gada da abin da suka ji a rediyo, sannan su tona ƙasa su ga zurfin laima kafin su zuba iri.