Su Wane Ne Ruhubanawan da Alƙur'ani Ya Ambata?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, sau da yawa idan ɗalibai suka iso aya ta 82 a Suratul Ma'ida, sai su fassara ƙissisuna da ruhubanawa duka da "fastoci". Wannan fassara ta gaza, domin mutum biyu ne daban, kuma kowanne da tarihinsa.

Ƙissisi kalma ce da ta shigo Larabci daga Suryananci, asalin ma'anarta dattijo. Shi ne limamin coci mai zaune cikin jama'a. Rahibi kuwa daga tushen da ke nufin tsoro yake, wato wanda tsoron Allah ya sa ya bar aure da dukiya da gari. Ɗakin da yake keɓewa shi ne sauma'a, wadda jam'inta ya zo a aya ta 40 ta Suratul Hajji. Gidan da suke zama a taru kuma Larabawa suna ce masa dairi.

Su kansu Kirista, wanda suke kira uban ruhubananci shi ne Antoniyus na Masar. An haife shi wajen shekarar 251 miladiyya, kusan ƙarni biyu da rabi bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Yana saurayi ya rabar da gonakin da ya gada, ya shige hamada, bai rasu ba sai a 356. Atanasiyus, bishop na Iskandariyya, ya rubuta tarihinsa, kuma littafin ne ya kai labarin har Turai. A zamanin nan ne wani tsohon soja mai suna Bakhumiyus ya ga zaman kaɗaici ya fi ƙarfin yawancin mutane, sai ya tara su gida ɗaya a kudancin Masar wajen 320, da shugaba da doka: ibada tare, cin abinci tare, saƙar tabarma da kwanduna. A Sham kuwa abin ya kai matuƙa. Sam'anu, wanda ya rasu a 459, ya yi sama da shekara talatin a saman wani ginshiƙin dutse kusa da Halab, mutane na tururuwa ƙarƙashinsa neman addu'a.

Duk wanda ya san wannan, aya ta 27 ta Suratul Hadidi za ta buɗe masa. Ayar ta nuna cewa su suka ƙago ruhubananci, ba a wajabta musu ba, kuma ba su kiyaye shi yadda ya kamata ba. A ganina, abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne adalcin Alƙur'ani. A Ma'ida ya yabe su da rashin girman kai, a Tauba kuma (aya ta 34) ya zargi da yawa daga cikinsu da cin dukiyar mutane da ƙarya. Da yawa ya ce, bai ce duka ba. Matasanmu da ke muhawara da Kirista sukan riƙe aya ɗaya su bar ɗayar, kowa gwargwadon abin da yake son tabbatarwa.

Ƙissar Salmanul Farisi (RA), wadda Ibn Ishaƙ da Imamu Ahmad suka kawo, ta tara fuskokin biyu. Malamin farko da ya yi wa hidima a Sham yana karɓar sadaka yana ɓoyewa, har ya cika tuluna bakwai da zinariya da azurfa. Wanda ya gaje shi kuwa, Salmanu ya shaide shi da gudun duniya da yawan ibada. Haka ya riƙa tashi daga hannun wannan zuwa wancan, daga Mausil zuwa Nasibin, har na ƙarshe a Ammuriyya ya siffanta masa Annabin da ke gab da bayyana.

Musulunci bai karɓi wannan tafarki ba. Manzon Allah (SAW) ya hana Usmanu bin Maz'un (RA) barin aure don ibada, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Amma hana Musulmi yin abu daban ne da taɓa mai yinsa. A Muwaɗɗa Malik, Sayyidina Abubakar (RA) ya yi wa Yazidu bin Abi Sufyan wasiyya lokacin da zai tafi Sham da runduna, cewa ya ƙyale waɗanda suka keɓe kansu don bauta da abin da suka keɓe kansu dominsa.

Dairin Katarina da ke gindin Dutsen Sina'i, wanda sarkin Rum Jastiniyan ya gina a ƙarni na 6, ya shiga ƙarƙashin mulkin Musulmi tun buɗe Masar. Har yau da ruhubanawa a cikinsa, kuma a cikin ganuwarsa akwai ƙaramin masallaci na zamanin Faɗimawa.

Wallahu a'alam.