Ladan Mai Magani a Ƙasar Ƙonni: Daga Damin Gero Zuwa Bashin Gwamnati

Bazaga ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Birnin Ƙonni, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, kuma ita da maƙwabtanta na gundumomin Malbaza da Ilela suna cikin yankin da hanyar biyan mai magani ta sauya sau da dama tun farkon ƙarni na 20, ba tare da an taɓa yanke shawarar ko ɗaya daga sauye-sauyen a wurin ba. Ana yanke ta a Dakar, ko a Bamako, ko a Yamai, sannan ta iso ɗakin shan magani na ƙauye a matsayin takardar umarni, wadda ma'aikacin lafiya zai aiwatar ko da kayan aiki ko babu. Abin da ake nufi da lada a nan ya haɗa abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato abin da ke shiga aljihun mai magani, da kuma kuɗin da ke sayen maganin da yake bayarwa, domin tarihin yankin ya nuna cewa duk lokacin da ɗaya ya tsaya, ɗayan ma ba ya daɗewa.

Kafin zuwan Turawan Faransa, waɗanda ayarin sojansu ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ragargaza Birnin Ƙonni a 1899, sana'ar magani a rarrabe take tsakanin wanzami mai ƙaho da kaciya da cire beli, da maɗori mai gyaran karaya, da ungozoma, da boka mai saiwa da sassaƙe, da malami mai rubutun sha, kuma kowannensu yana da hanyar da al'ada ta tsara masa ta samun lada. Wanzami yana da gidajen da ya gada daga ubansa, yana yi musu aiki shekara guda cur, a ba shi daminsa na gero idan kaka ta yi, da kasonsa ranar suna. Ungozoma tana samun hatsi da nata kason na naman ragon suna. Malami yana karɓar kafin alƙalami, wato ɗan abin da ake miƙawa kafin a fara aiki, sauran kuma sai buƙata ta biya. Muhimmin abu a wannan tsari shi ne, babban kason ladan yana zuwa bayan an ga sauƙi, gwargwadon ƙarfin mai bayarwa, kuma mai bin bashin da wanda ake bi sun san juna tun kakanni, saboda haka jinkiri ba ya hana aiki.

Mulkin mallaka ne ya shigo da mai magani mai albashi. A 1905 Gwamna Janar Ernest Roume ya kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, wadda ke duba marasa lafiya ba tare da karɓar kuɗi a hannu ba, ko da yake harajin kai da talaka ke biya shi ke ɗaukar nauyinta, kuma a 1918 aka buɗe makarantar likitanci ta Dakar domin horar da ƴan Afirka da za su yi aiki ƙarƙashin likitocin soja Turawa. Waɗannan likitoci baƙar fata an ajiye su a wani rukunin ma'aikata na daban, da albashi da alawus ƙasa da na Bature, kuma sai a 1950 dokar da ke ɗauke da sunan Lamine Guèye, ɗan majalisa daga Senegal, ta shimfiɗa ƙa'idar daidaita haƙƙoƙin ma'aikatan gwamnati ba tare da duba asalinsu ba. A wannan shekara ta 1950 kuma mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi, wanda yau yake cikin gundumar Malbaza a bakin babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, da wani tsari na uku: likitocin mishan suna samun abin zamansu daga majami'un ƙasashensu, marar lafiya kuwa yana biyan wani abu na aikin da aka yi masa. Mutanen Ƙonni da Madawa da na tsallaken iyaka sun saba da biyan kuɗin asibiti a Galmi shekaru da yawa kafin gwamnati ta fara neman haka a nata wuraren.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta gaji tsarin albashi da magani kyauta, ta kafa hukumar sayo magunguna ta ƙasa a 1962, amma likitoci ƴan ƙasa ba su taka kara sun karya ba, kuma makarantar koyon likitanci ta jami'ar Yamai ba ta buɗe ba sai a 1974. Don cike giɓin aka ɓullo da ƴan agajin ƙauye da ungozomomin da aka ba ɗan horo, tsarin da aka fara a jihar Maraɗi cikin shekarun 1960 kafin ya bazu, inda ake miƙa wa mutum akwatin magani ba tare da albashi ba, bisa zaton ƙauye zai riƙe shi kamar yadda yake riƙe wanzami. Zaton bai tabbata a wurare da dama ba, domin mutanen gari suna ganin wanda gwamnati ta naɗa gwamnati ce za ta ciyar da shi. Kuɗin yuraniyom na shekarun 1970 sun rufe wannan rauni na ɗan lokaci, amma da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya suka gindaya, sai kyautar ta zama ta baki kawai: marar lafiya ya ga majo, wato babban malamin jinya mai riƙe da ɗakin shan magani, ya karɓi takarda, ya tafi neman magani a kanti ko a tiren ƴan talla.

A nan ne sunan Ilela ya shiga littattafan masana tattalin arzikin kiwon lafiya, kuma Ilelar da ake nufi ita ce ta jihar Tawa, wadda takwararta ta jihar Sakkwato, mai fuskantar Birnin Ƙonni a kan iyaka, kan sa a ruɗe. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako, da goyon bayan UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa jama'a su riƙa biyan wani kaso na kuɗin magani, a juya kuɗin a wurin don sake sayen wani, ƙarƙashin kwamitin mutanen gari. Kafin Nijar ta ɗauki tsarin, ta gwada shi daga 1993 zuwa 1994 a gundumomi uku da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Amurka. A Sayi babba yana biyan sefa 200 a kowace rashin lafiya, wato dala arba'in a lissafin kasuwa, yaro kuma sefa 100. A Boboye kowane mai biyan haraji yana ƙara sefa 200 a shekara, sannan ya biya sefa 50 kawai idan ya zo asibiti, yaro sefa 25. Ilela kuwa an bar ta yadda take, ba kuɗi ba ƙarin magani, domin ta zama ma'aunin da za a gwada sauran biyun da shi. Sakamakon ya nuna masu zuwa asibiti sun ƙaru sosai a Boboye, musamman mata da yara da matalauta, abin da ba a gani ba a Sayi ko a Ilela. Duk da haka, bayan dokar 3 ga Yuli 1995 ta halatta karɓar kuɗi a ƙananan asibitocin gwamnati, hanyar Sayi ce ta game ƙasa, kuma ba wuya a gane dalili, tunda kuɗin da aka karɓa a bakin ƙofa yana nan a akwati, wanda ya bi ta hannun masu tara haraji kuwa sai an yi ta bin sawu.

Wannan sauyi ya zo daidai lokacin da ma'aikacin lafiya ya fi kowane lokaci rauni. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin maganin da ake shigowa da shi ya tashi, kuma cikin shekarun 1990 albashin ma'aikatan gwamnati ya riƙa makara har bashin watanni ya taru, yajin aiki ya zama ruwan dare. Akwatin asibiti, wanda kwamitin gudanarwa da ake kira COGES ke kula da shi, shi ya koma biyan mai karɓar kuɗi da mai gadi da mai shara, ya sayi gas na firjin rigakafi, alhali majo da likitan gunduma suna jiran Yamai. Masu bincike irin su Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, waɗanda suka wallafa nazarinsu kan asibitocin manyan biranen Afirka ta Yamma a 2003, sun bayyana yadda karɓar na goro da sayar da magani a gefe da rububin zuwa tarurrukan bita saboda kuɗin zama suka zama wani ɓangare na abin da ma'aikaci ke rayuwa da shi. Laifi ne, babu shakka, amma laifi ne da tsarin biyan ya share wa hanya.

Daga ƙarshen 2005 zuwa 2006 gwamnatin Mamadou Tandja, wadda shirinta na musamman ya riga ya gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka masu yawa, ta mayar da tiyatar haihuwa da awon ciki da tsarin iyali da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ma'anar kyauta a nan ita ce gwamnati ta tsaya a madadin marar lafiya: asibiti ya yi aiki, ya cika takardar biyan kuɗi bisa ƙayyadadden farashi, takardar ta bi ta gunduma da jiha zuwa ma'aikatar lafiya, daga nan zuwa baitulmali. Iyaye mata sun amsa kira, yawan yaran da ake kawowa ya hau ƙwarai, kuma wannan na cikin abubuwan da ake dangantawa da raguwar mutuwar yara a Nijar a waɗannan shekaru. Sai dai biyan ya riƙa makara da watanni, wani lokaci da shekaru, bashin ya kai biliyoyin sefa, kuma da yake yara su ne mafi yawan masu zuwa, akwatin da ke sayen magani ya bushe a wurare da yawa. Majo ya koma rubuta takardar saye a waje, uwar da ta ji a rediyo cewa magani kyauta ne kuma ta ɗauka shi ya ɓoye. Nauyin bayyana wa jama'a alkawarin da ba shi ya ɗauka ba ya faɗa kan wanda aikinsa ya ninka ba tare da albashinsa ya motsa ba.

Matakan tallafa wa ma'aikatan sun biyo baya a hankali. A 2011, shekarar da aka ɗaga Malbaza ta zama gunduma, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta ɗauki likitoci sama da 500 aiki, aka tura da yawa daga cikinsu cibiyoyin lafiya na karkara da ba su taɓa ganin likita mazauni ba, ko da yake riƙe su a can ya yi wuya inda babu gida mai kyau ko alawus na zaman daji. Ƙungiyar likitoci da masu harhaɗa magunguna da likitocin haƙori, SYNPHAMED, da ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta SUSAS sun ci gaba da kai ruwa rana da gwamnatoci kan matakin albashi da alawus da makomar ƴan kwantaragi, kuma an gwada tsarin biya gwargwadon sakamako, inda ake ƙirga ayyukan da asibiti ya yi, a tantance su, a ba shi kuɗin da wani kaso nasa ke zama ladan ƙwazo ga ma'aikata. Ta ɓangaren marasa lafiya kuwa, a watan Agustan 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage farashin ayyukan asibitocin gwamnati da rabi, ta kuma mayar da haihuwa kyauta, kuma sabon farashin ya fara aiki a cibiyoyin lafiya na Ƙonni da Malbaza da Ilela, kamar sauran na ƙasar, ranar 1 ga Satumba 2024.