Murya a Gaba, Kiɗa a Baya: Nazarin Rauji da Tsarin Kiɗa a Kundin "21" na Adele

Tsakure

Maƙalar ta nazarci kundin waƙoƙi mai suna "21" na mawaƙiyar Ingila Adele Adkins, wanda ya gauraya salon soul na baƙaƙen fatar Amurka da sassauƙan kiɗan rock. An saurari waƙoƙi 11 da ke cikinsa, aka ɗora su bisa ma'aunin turke da rauji da hawa da saukar murya, kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993. An gano cewa armashin kundin ya fi fitowa a inda aka rage kayan kiɗa, aka bar murya ta ja ragama.

1.0 Gabatarwa

An haifi Adele a unguwar Tottenham ta birnin Landan a 1988, ta gama makarantar BRIT a 2006, ta fitar da kundinta na farko, "19", a 2008. Kamfanin XL Recordings ne ya saki "21" ranar 24 ga Janairun 2011, Columbia kuma ya kai shi Amurka a watan Fabrairu. Kundin ya yi mako 24 yana kan gaba a jadawalin Billboard 200, ya yi mako 23 a na Birtaniya, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 30. Duk wannan kuwa a lokacin da saukar da waƙa ta intanet ta karya kasuwar faifai, kiɗan rawa na kwamfuta kuma ya mamaye gidajen rediyo. Yaya aka yi kundi mai ganga da jita da fiyano ya keta wannan kasuwa?

2.0 Turke

Babban turken shi ne rabuwar masoya, kuma babu sabon abu a nan. Abin lura kawai shi ne jerin: an buɗe da fushi, aka bi ta kan nadama da roƙo, aka rufe da haƙura. Waƙa ɗaya ce tak ta aro, wato "Lovesong" ta ƙungiyar The Cure ta 1989.

3.0 Ɗaukar Farko da Ɗaukar Malibu

Da farko an shirya Rick Rubin ne zai tsara kundin a ɗakin ɗaukar sauti na Shangri-La da ke Malibu, da ƙwararrun makaɗa. An yi aikin, amma Adele ba ta gamsu ba. Sai ta koma wa ɗaukar gwaji da ta yi da su Paul Epworth da Ryan Tedder tun ciwon rabuwar yana ɗanye. Waƙoƙi huɗu ne kacal na Rubin suka tsira.

A saurari yadda "Rolling in the Deep", ɗaya daga cikin ɗaukar gwajin, ta fara. Jita ce ita kaɗai, an danne tsirkiyoyinta da tafin hannu don kada su yi amo, sai murya ta shigo a ƙasa-ƙasa. Can sai ganga ta faɗo tana duka ɗaya-ɗaya, fiyano ya biyo, daga baya tafi ya shiga. Kowane kayan kiɗa sai ya jira murya ta buɗe masa ƙofa. A gindin waƙar kuma 'yan amshi ba maimaita kalamanta suke ba, nasu suke cusawa a tsakanin nata, irin kira da amsawar majami'un baƙaƙen fata na kudancin Amurka, inda soul ya yi tsiro. Idan aka gwama ta da "He Won't Go" ta hannun Rubin, za a ji kiɗan can ya fi tsafta, amma muryar ta zama ɗaya daga cikin ma'aikata. A ganin wannan nazari, nan ne kundin ya fi rauni.

4.0 Fiyano da Murya

Waƙar ƙarshe, "Someone Like You", wadda ta tsara tare da Dan Wilson, ba ta da komai sai fiyano. Hannun makaɗin yana zagaya ɗan gajeren rauji ba hutu, ɗiyan waƙar suna tafiya a sauke, gindin kuma ya yi hawa har muryar ta kusa tsinkewa. Ba a goge wannan rawar muryar ba. Da ta rera ta a bikin BRIT na Fabrairun 2011 a ɗakin taro na O2, waƙar ta haye matsayi na ɗaya a Birtaniya cikin mako guda, daga baya ta yi haka a Amurka.

A 2012 jaridar Wall Street Journal ta jingina hawayen masu sauraro ga afojiyatura, wato sautin da ke ɗan kauce wa rauji kafin ya koma mazauninsa, tana kafa hujja da binciken John Sloboda na 1991. Bayanin yana da ƙamshin gaskiya, amma bai wadatar ba. Dubban waƙoƙi na da wannan kwalliya ba su sa kowa kuka ba. A nan kunne ya kama ta ne saboda babu ganga ko goge da zai rufe ta.

Akwai mai ja da wannan ra'ayi: "Set Fire to the Rain", wadda Fraser T. Smith ya tsara mata, cike take da gogen Turawa, kuma ita ma ta zo ta ɗaya a Amurka. Sai dai ko a can da fiyano da murya aka buɗe, gogen bai yi ƙarfi ba sai da muryar ta fara hawa.

Muryar da aka ɗora wa wannan nauyi kuwa ta ji jiki. A Oktoban 2011 jini ya ɓalle a tantanin muryarta, ta soke rangadin Amurka, aka yi mata tiyata a Boston a watan Nuwamba. Ba ta sake hawa dandamali ba sai a bikin Grammy na Fabrairun 2012, inda ta karɓi kambu shida, har da na gwarzon kundin shekara.