Hasumiyar Balin da Gicciyen da Ba a Gayyace Shi Ba



Duk wanda ya kalli hoton birnin Balin na ƙasar Jamus, da wuya idonsa ya tsallake wata doguwar hasumiya mai ƙaton ƙwallon ƙarfe a wuyanta. Sunanta Fernsehturm, wato hasumiyar talabijin. Tsawonta mita 368 ne, kuma har yau babu ginin da ya kai ta tsawo a Jamus.

Gwamnatin gurguzu ta Jamus ta Gabas, ƙarƙashin Walter Ulbricht, ita ce ta fara gininta a 1965. Buƙatar watsa shirye-shirye tana nan, amma babbar manufar ita ce mutanen Balin ta Yamma, waɗanda katanga ta raba da 'yan uwansu tun 1961, su ɗaga kai kullum su ga ƙarfin gurguzu. Shi ya sa aka kafa ta a tsakiyar gari, dab da dandalin Alexanderplatz, ta yi wa tsohon cocin Maryam da ke gindinta rinjaye. Ƙwallon kuwa yana tuna wa mai kallo Sputnik, tauraron ɗan Adam da Tarayyar Sobiyat ta harba a 1957.

Sai dai da rana ta haska ƙwallon, sai ga siffar gicciye ɓaro-ɓaro a jikinsa, a kan abin alfaharin gwamnatin da ke takura wa addini. Mutanen gari suka laƙaba masa suna "ramuwar Fafaroma". Har shugaban Amurka Ronald Reagan ya yi wa mahukuntan Gabas gori da shi a jawabinsa na 1987 a bakin katangar.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin mu'ujiza. Gicciye ba alamarmu ba ce, kuma dalilin a fili yake: faifan ƙarfen da aka lulluɓe ƙwallon da su masu tsini ne kamar ƙananan dala, su ke mayar da haske a haka. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda magina suka auna komai, amma fassarar ginin ta kuɓuce musu tun daga farko.

An buɗe hasumiyar ranar 3 ga Oktoba, 1969. Ranar 3 ga Oktoba, 1990, shekara 21 cif, Jamus ta Gabas ta narke cikin haɗaɗɗiyar Jamus. Ba a rushe hasumiyar ba. A 1997 ma sabuwar eriya aka ɗora mata, ta ƙaru da mita uku.